Kwamfuta da Wutar Gida: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Garwa

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kawo mini da ƙorafin "tana mutuwa da kanta" ko "tana daskarewa" lafiyarsu ƙalau. A shago sai su wuni suna aiki, da an mayar da su gida cutar ta dawo. Kafin su iso hannuna kuwa an riga an yi musu fomatin, an goge hotunan biki da takardun makaranta, wai ana korar bairos. Wannan asarar ce ke ci mini rai, shi ya sa na tara tambayoyin nan wuri ɗaya. Abin da ke ciki ya shafi mutanen Marwa da Ngaundere da Kusseri a nan Kamaru, har Njamena ta Chadi, don wutarmu iri ɗaya ce: volt 220, mai juyawa sau 50 a sakan.

Malam, ta yaya zan gane laifin wuta ne ba na kwamfutar ba?

Ɗauki takarda da biro ka ajiye kusa da kibod. Duk lokacin da ta mutu ko ta daskare, rubuta ƙarfe nawa, sannan ka kasa kunne: me ya tashi a gidan a daidai wannan lokacin? Firiza ce ta kama? An kunna famfon rijiya? An jona dutsen guga? Ƙwan ɗakin ya ɗan dushe kafin ta mutu? Kwana uku ko huɗu sun isa ka ga abin yana maimaita kansa.

Idan laftof ce aikin ya fi sauƙi. Cire caja ka yi aiki da batir kaɗai. In matsalar ta ɓace, to daga bango take shigowa ko daga cajar. Idan ta tebur ce, ɗauke ta ka kai gidan ɗan'uwa a wata unguwa ta kwana tana aiki.

Windows ma tana rubuta nata. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr, ka nemi saƙon Kernel-Power mai lamba 41. Saƙon ba ya cewa wuta ce, iyakacinsa ya shaida cewa na'urar ta mutu ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba. Ka gwada lokutansa da na takardarka, ka tuna cewa sai bayan ta sake tashi take rubuta shi.

Ɗana, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo. Duk sanda firizata ta kama sai kwamfutar yarona ta mutu ta tashi. Firizar ce ta lalace?

Hajiya, da wuya a ce ta lalace. Halin kowane inji mai mota ke nan: a lokacin da kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya firizar, ke tashi daga tsaye, yana jan wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya kama gudu. Abin bai kai sakan ɗaya ba, amma a cikinsa ƙarfin wutar layin yana faɗuwa. Kamar famfo ne: idan aka buɗe babban kai a tsakar gida, ruwan ƙaramin kan da ke banɗaki sai ya ragu.

Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar tebur an ƙera shi ya riƙe na'urar na kimanin milisakan 16 idan wuta ta yanke, wato bai ma kai juyi ɗaya na wutarmu ba, wanda yake milisakan 20. Wannan kuma idan sabo ne mai kyau. Wanda ya sha zafin Garwa shekara da shekaru, kafasitocinsa, wato 'yan gwangwanayen da ke ajiye caji a cikinsa, sun fara kumbura, ba ya kaiwa haka. Shi ya sa ƙwai ke ɗan ƙiftawa kawai, talabijin ta wuce abinta, ita kuwa kwamfuta ta faɗi.

Abin da ke ƙara tsananta shi a gidajenmu shi ne yadda ake jan waya. Mita tana zaure, aka ja siririyar waya guda ta bi ɗaki ɗaki, kowa ya ɗora nasa, a ƙarshenta ga ralonj, wato doguwar igiyar jona kaya, mai baki biyar, firiza a baki ɗaya, kwamfuta a na kusa da shi. Iya tsawon waya da sirantarta, iya faɗuwar wutar. Ki sa mai aikin wuta ya ja wa firizar layinta daban tun daga mita, da wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ba 1.5 da ake sa wa fitilu ba. A duba wayar da kyau wajen saye, don akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari a bar ta.

Ya kuma buɗe soket ɗin ya ɗaure sukurorinsa. Sau da yawa in an buɗe za a tarar robar bayan ta yi baƙi ta narke, waya tana lilo a ramin sukuru, ga warin ƙuna. Irin wannan mahaɗar tana tartsatsi a ɓoye, tana kashe kwamfuta, kuma ita ce ke tayar da gobara da tsakar dare.

Jikin kwamfutata yana ɗan ja na idan na taɓa shi ba takalmi. Haɗari ne?

Kada ka saba da shi. A cikin akwatin wutar kwamfuta akwai ƙananan kafasitoci da aikinsu shi ne tace hayaniyar wuta su zubar da ita ta wayar ƙasa, wato mai launin kore da rawaya. Idan babu wayar ƙasa, abin da ya kamata ya zube sai ya taru a jikin ƙarfen. In ka auna da multimita, na'urar awon wuta, za ka iya ganin kusan volt 110, rabin wutar bango. Abin da ke gudana kaɗan ne, shi ya sa kake jin tsikari kawai. Amma wannan tsikarin ya isa ya ƙona bakin USB ko na HDMI a lokacin da kake jona firinta ko talabijin, ya sa maus ya riƙa yankewa, ya sa sifika ƙugi. Ranar da kuma wata waya ta ciki ta saɓule ta taɓa ƙarfen, babu abin da zai tsaya tsakanin mai taɓawa da cikakkiyar wuta.

A nan yankin muna da wata matsala tamu ta daban. Soket ɗin gidajenmu irin na Faransa ne, ramuka biyu da ɗan ƙarfe a tsaye, wanda shi ne na ƙasa. Kayan da ke shigowa ta Mubi da Yola da Maiduguri kuwa suna zuwa da filogin Najeriya irin na Ingila, mai ƙafa uku masu kusurwa. Sai a sayi ɗan adafta mai ƙafa biyu a haɗa. Wuta ta zo, kowa ya yi murna, amma ƙafa ta uku tana rataye a iska ba ta taɓa komai. Mafita ita ce a canja igiyar wutar gaba ɗaya da mai filogin da ya dace da soket ɗinmu. Igiyar kwamfutar tebur ana cire ta ne, kuma ba ta da tsada.

Sai dai ɗan ƙarfen soket ɗin ma a gidaje da yawa ado ne, babu waya a bayansa. Aikin gaskiya shi ne a kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe ta nutse kimanin mita 2 a ƙasa, a wuri mai laima, a ja waya daga gare ta zuwa kowane soket, a kuma sa makashin wuta na difaranshiyal mai miliamfa 30, wanda ke yanke wuta da kansa idan ta fara zurarewa. Ƙa'idar Faransa da masu aikin wutarmu ke bi ta ce awon sandar kada ya wuce om 100. Ƙasarmu tana bushewa ƙamas daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, don haka sandar da ke aiki da damina tana iya raunana da rani. A kafa ta kusa da inda ake alwala ko wanki, ko a riƙa zuba mata ruwa.

Abu biyu nake roƙo a guje wa. Kada a ɗaura wayar ƙasa a bututun ruwa, yawancinsu yanzu roba ne. Kada kuma a yarda wani ya haɗa ƙarfen ƙasa da wayar nutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a cikin soket ya ce ya gama. Duk ranar da nutiral ta tsinke ko aka juya wayoyin, jikin kwamfutar ne zai ɗauki volt 220. A ganina, wanda kuɗinsa ba za su isa komai ba ya fara da wayar ƙasa kafin kowane akwati da ake tallatawa.

Yaya, ni ɗaliba ce a Jami'ar Marwa. Da na jona caja sai kibiyar laftof ɗina ta riƙa tsalle, in na cire ta daina.

Ƙanwata, cajar ce. Wurin shafa yatsa na laftof yana aiki ne da ɗan ƙanƙanin cajin da ke jikin yatsa, kuma jabun caja da aka rage wa kayan tacewa tana turo hayaniyar da ta fi wannan ƙarfi. Ari caja ta asali mai irin volt ɗin taki ki gwada. Ta gaske tana da nauyi a hannu, ta jabu kuwa sakayau take kuma tana zafi da wuri. Araha ba ta ado. In cajar mai ƙafa uku ce, ki nemi soket mai wayar ƙasa.

Wanne zan saya: sitabilaiza, UPS, ko ralonj mai kariya?

Kowanne da ciwon da yake magani. Sitabilaiza, ko regilatar, tana ɗaga wuta idan ta daɗe a ƙasa, ta sauke ta idan ta hau. Wutar da ake ɗauka lafiyayya tana tsakanin volt 198 da 242. In multimita na nuna maka 170 kowace magariba, kana buƙatarta. Amma irin mai ƙas-ƙas ɗin nan ba ta da saurin da za ta tare faɗuwar da firiza ke jawowa, kuma in wuta ta ɗauke ba ta da abin ba ka.

UPS, wanda wasu ke kira ondilar, shi ne abokin kwamfutar tebur. Yana da batir a ciki, kuma yana karɓar aiki cikin ƙasa da milisakan 10, kafin kwamfutar ta ji komai. A lura da lissafinsa: mai rubutun VA 650 wat 360 ko kusan haka yake iya ɗauka, wato kwamfuta da allo da akwatin Wi-Fi. Kada a ɗora masa firintar leza, don hitar da ke cikinta tana jan wuta mai yawa a lokaci guda. Batirinsa mai volt 12 an lissafa masa shekara uku zuwa biyar a ɗaki mai sanyin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba wannan kusan biyu. A garin da zafi ke haura 40 a Maris da Afrilu, kada a yi mamaki in ya gaji kafin shekara biyu. Gwada shi lokaci lokaci: ajiye aikinka, zare filoginsa daga bango, ka ga ko zai riƙe.

Ralonj mai kariya tsinin wuta na ƙiftawar ido kawai yake tarewa, yana buƙatar wayar ƙasa kafin ya yi cikakken aiki, kuma abin da ke cikinsa yana ƙarewa da yawan duka.

Mai laftof da caja ta asali ya huta da yawancin wannan. Duba bayan cajar, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240.

In an dawo da wuta bayan an ɗauke, zan iya kunnawa nan take?

Ka ɗan dakata minti biyar. Tun 1982 madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai injuna huɗu da ƙarfin megawat 72, ita ce ginshiƙin wutar Arewacin Kamaru, an kuma ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. Idan ruwan madatsar ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa unguwa. A lokacin da aka dawo da ita, firiji da famfuna na unguwa duka suna tashi a tare, wutar ta yi ta hawa da sauka, wani lokaci ta sake ɗaukewa. Da an ɗauke ka kashe makunnin ralonj, kada ka bar kwamfutar tana jira.

Da janareta kwamfutar na aiki, amma UPS sai kuka yake yana ƙin karɓa.

Janaretocin gida sai injin ya yi juyi 3000 a minti kafin wutarsu ta tsaya a 50. Ƙaramin janareta, musamman mai haɗa mai da baƙin mai, gudunsa yana hawa yana sauka da kowane kaya da aka ɗora masa, UPS kuwa yana ganin wannan a matsayin wuta marar kyau sai ya koma batir. Wasu UPS suna da wurin rage tsananin zaɓensu, a duba takardarsu. Yana taimakawa a fara ɗora fanka ko ƙwai su daidaita gudun injin, sannan a kunna kwamfuta. Lokacin da mai ke ƙarewa, injin yana shaƙewa yana zabura, shi ne mafi muni. Kashe kwamfutar tun kafin nan. Mai shirin sayen sabo ya nemi mai AVR, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutarsa, in da hali mai inbata.

Kada a jona janareta a soket ɗin bango don ya ba gida wuta. A sa makunnin sauya layi, saboda ran ma'aikacin da ke kan falwaya.

Mun sa sola, amma tun ranar kwamfutar ke zuzu, wani lokaci ta mutu idan inbata ya karɓa.

Inbata iri biyu ne. Mai araha yana fitar da wuta mai hawa da sauka a tsaye, a yanke a yanke; mai kyau yana fitar da ita sumul irin ta kamfani, ana rubuta masa pure sine wave a jiki. Akwatunan wutar kwamfutoci na zamani da yawa ba sa jituwa da na farkon. Idan inbatan mai kyau ne amma tana mutuwa wajen sauyi, duba saitinsa, yawanci akwai zaɓi mai suna UPS da ke gaggauta sauyin. A kuma nisanta wayoyin batir da na inbata daga na sifika da na intanet.

Sifikata na ƙugi, allon kuma layuka na yawo a kansa.

Ƙugi mai kauri da ba ya sauyawa muryar wutar ce kanta, mai juyi 50. Yana fitowa idan kwamfuta tana soket ɗaya, amfilifaya ko talabijin tana wani, igiyar sauti ta haɗa su. Jona su duka a ralonj ɗaya, sau da yawa shi ke nan. In dikodar dish na cikin haɗin, zare wayar dish ɗin ka saurara. Masu ɗaukar wa'azi da karatu a masallatai suna yawan fama da wannan. Ɗauka da laftof a kan batir yana kawar da shi.

Layukan allo kuwa galibi igiyar VGA ce, mai shuɗin kai, don tana kwasar duk hayaniyar da ta ratsa kusa da ita. Raba ta da igiyar wuta, kada a naɗe su tare, a matsar da sitabilaiza daga gindin allo. Ɗan kumburin da ke kusa da kan igiya mai kyau ferit ne, don tare hayaniya aka sa shi. In allon na da bakin HDMI, koma can.

Wi-Fi da maus marar waya suna yankewa. Shi ma wuta ce?

Wani lokaci. Dukansu suna aiki a gigahaz 2.4, kuma na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana 2.45. Bakin USB 3.0, mai shuɗin ciki, shi ma yana fitar da hayaniya a wannan zangon idan an jona masa faifan ajiya. Mayar da ɗan abin maus ɗin da ake jonawa a USB zuwa bakin da ke ɗaya gefen. Wi-Fi kuma a koma gigahaz 5 in akwatin yana da shi. In kuwa fitilun akwatin ne ke mutuwa su sake tashi, adaftarsa ce ko faɗuwar wuta, a ɗora shi a UPS.

Na tabbata wani abu ne a gidan, amma na kasa gano shi.

Ari rediyon Baba, wanda yake jin labaran safe da shi, mai batir. Sa shi a matsakaicin zango ko gajeren zango, ka juya zuwa inda babu tasha. Ka bi ɗaki ɗaki kana kusantar da shi ga ƙwai, caja, makunnin rage gudun fanka, doguwar fitila mai ƙiftawa, keken ɗinki mai mota, injin aski. Mai laifi zai cika rediyon da ƙara, kana matsowa tana ƙaruwa, ka kashe shi ta ɗauke ɗif. Ƙwan LED mai araha da cajar waya ta jabu sun fi kowa faɗawa wannan tarkon. Idan ka kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya ƙarar ba ta tsaya ba, daga waje take.

Maƙwabcina mai walda ne, gaba kuma akwai injin niƙa. Me zan yi?

Sana'arsu ce, kuma taransifoma ɗaya kuke sha. Ka je da sallama ka tambayi lokutan da suka fi aiki, ka kauce musu da aikin da ba ka so ya yanke. UPS zai ɗauke maka mafi yawan abin. In fas ɗaya kuke, wato layi ɗaya cikin ukun da ke fitowa daga taransifoma, ana iya neman kamfanin wuta ya mayar da gidanka wani fas. Ma'aikatansu ne kaɗai ke da hurumin taɓa wannan.

Ƙwan wani ɗaki ya yi haske fiye da kima, na wani ya dushe, fanka na gudu kamar za ta tashi.

Tashi yanzu ka kashe babban makunni, ka zare komai. Wannan alamar tsinkewar nutiral ce a layi mai fas uku, ko a gidan ko a kan falwaya. Tsakanin fas biyu volt 380 ne, kuma in nutiral ta tafi wani sashe na gidan yana iya samun kusan haka. Cikin mintuna kaɗan caja da talabijin da kwamfuta za su ƙone. A faɗa wa maƙwabta, a kira kamfanin wuta, kada a mayar sai an gyara. Akwai ɗan makashi da ake sawa kusa da mita mai yanke wuta da kansa idan ta wuce iyaka, yana nuna volt da jan lambobi; ina ba kowane mai shagon buga takardu shawarar ya sa shi.

Da damina fa, in ana tsawa?

Zarewa ce kaɗai kariya tabbatacciya. Kashe makunni bai isa ba. A zare filogi, a zare wayar intanet da ta dish da ta eriya, don ta nan aradu ta fi shigowa. Da hadari ya haɗo ake yi, ba bayan an fara walƙiya ba.

Na gwada duk wannan, a wani gidan ma tana mutuwa.

To a koma cikinta. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, sai zafin bazara ya zo ya tarar da ita a shaƙe. Kwamfutar da ke mutuwa bayan ta ɗan jima tana aiki, fankarta na ihu, zafi ne ke kashe ta. A zare ta daga wuta, a hure ƙurar, a sabunta man da ke kan furosesa. A duba kafasitoci ko akwai mai kumburarren kai, a cire RAM a goge a mayar, a gwada shi da manhajar MemTest86. Da hunturu iska ta bushe, jiki yana tara cajin da ke tartsatsi, don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki. Agogon da ke komawa baya duk sanda aka kunna ba ruwansa da wutar gida, ɗan batirin CR2032 ne mai volt 3 ya ƙare.

Na sayo tsohuwar kwamfutar tebur 'yar Amurka, akwai wani jan makunni a bayanta.

Kada ka jona ta sai ka duba shi. Wutar Amurka volt 120 ce, kuma tsofaffin akwatunan wuta suna da wannan makunnin mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Tura shi da bakin sukurdireba har 230 ya bayyana, sannan ka liƙe shi da salatif saboda yara. In aka jona ta yana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Allo da firintar da suka zo tare da ita ma a karanta bayansu, don firintocin leza na can yawanci 110 zuwa 127 kaɗai suke karɓa, sai da taransifoma mai rage wuta.